Haɗa Wayar Hannu da Rediyon Mota Ba Tare da Igiya Ba: Inda Illar Take da Abin da Ya Kamata a Yi

Daga cikin koke-koken da masu motoci suka fi yawaita kawowa a 'yan shekarun nan, tun da aka shiga yayin cire tsohon rediyon da mota ta zo da shi a maye gurbinsa da mai faffaɗan allo, babu wanda ya kai wannan maimaituwa: mutum ya fid da kuɗi masu kauri ya sayi rediyo, mai shago ya yi masa alkawarin cewa da zarar ya murɗa makulli wayarsa za ta haɗu da allon ba tare da ya soka igiya ba, taswira ta bayyana, karatu ko waƙa su tashi, kira ya shigo ya amsa alhali hannuwansa biyu na kan sitiyari, sa'an nan, kafin mako ya zagayo, sai ya tarar ko dai wayar ta ƙi haɗuwa sam, ko ta haɗu ta yanke a tsakiyar hanya, ko kuwa ta yi zafin da ba ta riƙuwa a hannu. Wani ya ɗora laifin a kan waya, wani a kan rediyo, wani kuma a kan mai wayarin da ya ɗaura, amma galibi illar ta samo asali ne tun ranar ciniki, sa'ad da aka sayi abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma shi kansa mai sayarwa sau da yawa bai fi mai saye sani ba.

Farkon abin da ya wajaba mai karatu ya rarrabe shi ne, abubuwa uku ne mabambanta ake tallatawa a kasuwa da lafazi ɗaya. Akwai Bluetooth tsurarsa, wanda iyakar aikinsa ɗaukar murya: kira da waƙa, babu taswira, babu hoto. Akwai kwafar fuskar waya a nuna ta a allon mota yadda take, da ƙananan rubutunta da saƙonninta duka, abin da ba a yi shi domin mai tuƙi ba, kuma a yawancin rediyoyi taɓa allon ba ya sarrafa wayar yadda ake so. Sa'an nan akwai na uku, wanda shi ne maƙasudin mai saye ko da bai san sunansa ba, watau CarPlay ga masu iPhone da Android Auto ga masu wayar Android, inda waya ke yin dukkan aikin a cikin aljihu, allon mota kuwa ya zama fuskarta kawai, da manyan alamomi da aka tsara don a fahimce su da ƙiftawar ido. Kamfanin Apple ya bayyana nasa a shekarar 2014, Google ya fito da nasa ga jama'a a 2015, kuma dukkansu biyu da igiya suka fara. Rediyon kasuwa na farko mai CarPlay marar igiya shi ne iLX-107 na kamfanin Alpine, a 2017, a shekarar da ta biyo baya kuma Kenwood da JVC da Pioneer suka kawo masu ɗaukar Android Auto ta iska. Saboda haka rediyon da aka ƙera kafin wannan lokaci, kome kyansa da tsadarsa a zamaninsa, ba zai yi wannan aiki da kansa ba, haka kuma ba kowane wanda aka ƙera bayansa ne ke yi ba, domin har yanzu ana ƙera masu igiya zalla, ana rubuta CarPlay da Android Auto ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsu, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Wanda ya fahimci yadda haɗuwar ke ƙulluwa ya warware rabin mas'alar. Mutane da yawa suna zaton Bluetooth ne ke ɗauke da kome, alhali ƙarfinsa bai wuce megabit 2 zuwa 3 a cikin daƙiƙa ba, wanda ya ishi murya amma bai ishi hoto mai motsi ba, taswirar da ake gani a allo kuwa hoto ne mai gudana da waya ke aikawa babu ƙaƙƙautawa. Matsayin Bluetooth a nan matsayin yaron da ke yin sallama a zaure ne, ya gabatar da baƙo ga maigida. Kayan kuwa Wi-Fi ne ke ɗauko su. Da an ta da mota, rediyo ya nemi wayar ta Bluetooth, ya miƙa mata suna da mabuɗin wata 'yar hanyar Wi-Fi da ya buɗe domin ita kaɗai, wayar ta koma kan wannan hanya, daga nan hoto da sauti su ci gaba da gudana. Shi ya sa wanda ya kashe Wi-Fi na wayarsa don tsoron cin data, ko don tattalin caji, ya datse hanyar da kansa bai sani ba. Wannan Wi-Fi ɗin tsakanin waya da rediyo yake, ba ya taɓa data ko kaɗan. Abin da ke cin data shi ne taswirar da waƙar da ake jawowa daga intanet, kuma da igiya ko babu igiya cinsu ɗaya ne.

Wi-Fi ɗin da ake wannan haɗi da shi kuma zango biyu gare shi, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon cunkushe yake, domin a kansa Bluetooth ma yake tafiya, tare da na'urorin gidaje da shaguna da wayoyin jama'a, ta yadda motar da ke kutsawa cikin cinkoson Kantin Kwari ko Sabon Gari tana ratsa ɗaruruwan masu magana a zango guda. Na biyun ya fi yalwa da sauri, gajeren zangonsa kuwa ba aibi ba ne a cikin mota, inda tsakanin aljihu da allo bai kai kamu biyu ba. Rediyon da ba shi da zangon gigahaz 5, ko da ya haɗu a gaban mai shago, shi ne wanda za a ji waƙa na sarƙewa a cikinsa, taswira na tsayawa cik, har haɗin ya tsinke.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan wani ruɗani da ya ci kuɗin mutane da dama, watau ɗaukar cewa duk rediyon da ake kira na Android yana da Android Auto. Mafi yawan manyan allunan da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas, kowannensu kwamfutar hannu ce mai zaman kanta da aka yi wa gida a gaban mota. Tana da nata Android, tana iya ɗaukar nata manhajoji, amma wannan bai ba ta ikon karɓar wayar mai mota ba, sai idan an sa mata wata manhaja ta musamman, irin su ZLink ko TLink, tare da sashen da ke cikinta mai iya aikin. Ba na cewa dukkansu marasa kirki ne. A cikinsu akwai masu nagarta da ke shekaru suna aiki lafiya lau, kuma su ne ke zuwa da gidan da ya dace da gaban Corolla ko Camry ko Accord kamar daga kamfani, abin da rediyon Pioneer ko Sony mai ma'aunin milimita 180 da 100 ba zai yi ba sai an nemo masa firam. Amma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa a cikinsu mai nisa ce ƙwarai, alhali fuskarsu ɗaya. Masu araha suna tafiya ne a kan tsohon injin da ake kira 8227L, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 1 ko 2, kuma an sha samun waɗanda aka gyara rubutun cikinsu don su nuna sabon Android da ƙwaƙwalwar da ba su da ita. Waɗanda ke kan injin UIS7862 da ƙwaƙwalwar gigabait 4 ko fiye sun fi sauri da juriya nesa ba kusa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan garari a cikin ciniki, watau sayen abin da aka jahilci sifarsa, kuma na ga sayen allo a rufe cikin kwali, bisa abin da aka rubuta a jikin kwalin kawai, bai yi nisa da wannan babi ba.

Ita ma waya tana da nata sharuɗɗa, waɗanda in ɗaya ya faɗi babu rediyon da zai cece ta. Ga mai iPhone lamarin da sauƙi, tun daga iPhone 5 zuwa sama suna ɗaukar CarPlay, sai dai lalle ne a kunna Siri, in ba haka ba ba zai buɗe ba. Ga mai Android kuwa, sharaɗin Google shi ne wayar ta kasance a kan Android 11 ko sama da haka, tana kuma da Wi-Fi na gigahaz 5, in ban da wayoyin Samsung da na Google kansa, waɗanda aka yi wa rangwame daga Android 10. Abu biyu ne suka fi shafar mutanenmu. Na ɗaya, da yawa daga cikin ƙananan wayoyin Itel da Tecno da Infinix masu sauƙin kuɗi suna tafiya ne a kan sassauƙan Android da ake kira Go, wanda ba ya ɗaukar Android Auto ko da igiya, balle ta iska. Na biyu, wayoyin Huawei da aka fitar bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba sa zuwa da manhajojin Google, don haka su ma ba su cikin lissafi. Wanda wayarsa ta faɗa cikin ɗayan waɗannan, ya haƙura da Bluetooth da marikin waya mai kyau, ko kuwa ya sauya wayar kafin ya taɓa rediyo.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce, kada ya biya ko kwabo sai an gwada a gabansa da wayarsa ta kansa, ba ta yaron shago ba, wadda aka riga aka daidaita ta da rediyon tun da safe. A fito da rediyon daga kwali, a jona shi da batir a kan teburi, ya tsaya ya ga wayarsa ta haɗu, taswira ta cika allon, ya ja ta da yatsa ya ga ko tana bin yatsan ko tana jan ƙafa. Sa'an nan ya ce a cire wutar gaba ɗaya a sake jonawa, wayar na cikin aljihunsa bai taɓa ta ba, ya duba ko za ta koma da kanta, domin haɗuwar farko kowane rediyo na iya yi, ta biyu da ta uku su ne shaida. Ya kira wani ya tambaye shi yadda yake jin muryarsa. Ya buɗe Wi-Fi na wayar ya duba a kan wane zango ta hau. In mai shago ya ce, “Alhaji, ai sai an ɗaura a mota yake nuna aikinsa,” to, ya ce masa, “Malam, in haka ne mu rubuta a rasit cewa in bai yi ba cikin kwana bakwai zan dawo da shi.” Ɗan kasuwa mai amana ba ya jin nauyin wannan sharaɗi, wanda ya murtuke fuska kuwa ya riga ya ba da amsa.

Wanda kuma yake da rediyo mai CarPlay ko Android Auto na igiya, yana aiki lafiya, ba shi da bukatar ya cire shi. Akwai 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma ba, ana soka ta a ramin USB inda igiya ke shiga, ita ta karɓi wayar ta iska ta miƙa wa rediyo kamar da igiya aka zo. Motorola MA1, da ta fito a 2022, da AAWireless na farko an yi su ne domin Android, Carlinkit da Ottocast kuma suna da nau'o'i na iPhone da na duka biyun. Sharaɗinta guda ne, kuma a kansa mutane ke asara: ba ta ƙirƙiro abin da babu. In rediyo ba ya yin CarPlay da igiya, irin wannan na'ura ba za ta koya masa ba. Allunan Android na ƙasar Sin suna da tasu daban, mai tafiya da manhajarta, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Tana kuma ƙara 'yan daƙiƙoƙi kafin haɗuwa, da ɗan jinkiri tsakanin taɓa allo da sauyawar waƙa, wanda ɗabi'ar haɗin iska ce, ba lalacewa ba.

Bayan rediyo da waya, aikin mai wayarin shi ne rukuni na uku, kuma shi aka fi rainawa. A bayan rediyo akwai layi rawaya, wanda ke ɗauke da wutar batir dare da rana don riƙe saiti, da ja, wanda ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, da baƙi na jikin mota. Mai gaggawa yakan murɗe rawaya da ja wuri ɗaya ya naɗe da salatif, sakamakon haka rediyo ba ya mutuwa ko an zare makulli: batir ya wayi gari a kwance, kuma, abin da ya fi ban haushi, tun da a gidajenmu mota a tsakar gida take kwana kusa da ɗaki, wayar maigida sai ta ci gaba da manne da motar, a kira shi ya ɗauka ya yi ta sallama ba ya jin kowa, muryar mai kiran tana can tana fita a lasifikar mota a rufe. Haka ma yakan faru da 'yar na'urar USB a motocin da raminsu ba ya yanke wuta, maganinsa kuwa a zare ta in an sauka. A tabbata an haɗa layukan da soket ɗin da ya dace da motar, ba a yanyanka na asali ba, an bar fis a mazauninsa ba a maye shi da zaren waya ba. Makirfo a kafa shi sama kusa da madubin tsakiya ko a kan wuyan sitiyari, nesa da bakin iskar na'urar sanyaya mota. 'Yar eriyar GPS kuma, wadda wasu ke cusawa a bayan rediyo cikin ƙarafa don gudun wahala, a ɗora ta inda take kallon sama ta gilashi, domin CarPlay marar igiya yana dogara da ita wajen sanin inda mota take, tun da wayar tana iya kasancewa a ƙasan jaka. Tun da an buɗe saiti, a duba yankin da aka ɗora rediyon FM a kai: na Amurka yana tsallake tashoshin da lambarsu ta ƙare da cika, kamar ɗigo biyu ko ɗigo huɗu, na Japan kuma yana farawa daga 76 ya tsaya kafin ya kai yawancin tashoshinmu, a mai da shi na Turai.

In kuwa duk wannan ya inganta amma haɗin na yankewa, to, a bi abin daki-daki, kada a fara da zargin rediyo. A duba ko akwai VPN a kunne, domin takan hana Android Auto haɗuwa ta iska. A kashe rabon intanet da ake yi wa wasu daga wayar, tun da shi da rediyo Wi-Fi ɗaya suke takara a kansa. A shiga saitin batir a cire Android Auto daga jerin manhajojin da waya ke kashewa don tattalin caji, abin da wayoyin Tecno da Infinix da Xiaomi suka tsananta a kansa. In motar ta gida ce, maigida da uwargida da direba kowa ya taɓa haɗa tasa, rediyo yakan cafke wadda ya fara gani ko wadda ya rabu da ita a ƙarshe, sai a goge waɗanda ba a bukata, ko a fifita guda a saiti. Bayan haka a goge sunan motar daga waya, a Bluetooth da Wi-Fi duka, a goge sunan wayar daga rediyo, a kashe su a kunna, a ƙulla sabon haɗi. Sabunta manhajar cikin rediyo shi ne mataki na ƙarshe, kuma kada a ɗora masa wadda aka tsinto a intanet ba ta ainihin nau'insa ba, domin kuskure a nan yana iya kashe allon kisan da ba ya tashi.

Saura mas'alar da masu ƙera waɗannan kaya ba su auna ta da ƙasarmu ba, watau zafi. Apple ya ƙayyade cewa iPhone tana aiki daidai ne tsakanin digiri 0 da 35 na ma'aunin Salshiyas, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin inuwa ma yakan haura 40, balle cikin motar da ta yini a rana. Wayar da ke haɗe ta iska tana aiki huɗu a lokaci guda, tana zana taswira, tana aika hoto ta Wi-Fi, tana neman sabis, tana bin tauraron ɗan'adam, kuma babu abin da ke ba ta caji. In aka ɗora ta a kan faifan caji marar igiya don a rama, sai a ƙara mata zafi a kan zafi, har ta rage hasken fuskarta, ta daina karɓar caji, ta yanke haɗin don ceton kanta, batirinta kuma ya riƙa tsufa kafin lokacinsa. Kada a ajiye ta a saman gaban mota inda rana ke dukanta. A cire mata riga mai kauri, a sa ta a inuwa ko kusa da bakin iskar sanyi. A cikin gari, inda ake hawa da sauka sau goma a yini, haɗin iska ni'ima ce, har yana kare ramin cajin waya daga sassaucewa da ƙurar hunturu. Amma a doguwar tafiya, irin ta Kano zuwa Maiduguri ko zuwa Abuja, igiya mai kyau, gajeriya, mai ɗaukar bayanai ba caji kaɗai ba, ta fi alheri ta kowace fuska, kuma a sauke taswirar hanyar a cikin Google Maps tun daga gida saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Akwai wani layi, kore-kore a yawancin rediyoyin manyan kamfanoni, wanda aka tanada don a jona shi da birkin hannu, yadda bidiyo ba zai buɗe ba sai mota na tsaye, kuma ya zama al'adar masu ɗaurawa su manna shi da jikin mota domin fim ya riƙa tafiya ana tuƙi, har suna lissafa wannan a cikin gwaninta. CarPlay da Android Auto da gangan aka hana su nuna fim mota na gudu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta mai amfani da waya yana tuƙi, kuma idon da ya koma kan fim a allo bai fi wanda ya koma kan waya tsaro ba. Rayukan da ke cikin motar da na masu tafiya a gefen titi amana ce a wuyan direba. Don haka, ya ɗan'uwa, ranar da za a ɗaura maka rediyo ka tsaya a kan mai wayarin da kanka, ka ce masa ya kai koren layin nan ga birkin hannu, kada kuma ka biya shi ladan aikinsa sai ka saki birkin ka ga bidiyon ya ɗauke.